Ya Bar Makokin Uwarsa Ya Tafi Tayar da Na'ura

Assalamu alaikum, Malama Hasana, 'yata.

Ki taimake ni da shawara don girman Allah. Ni ba mai kai kuka ba ne, amma wannan abin ya tsaya min a ƙirji, ya ƙi sauka ya ƙi fita. Ban yi boko ba, allon ma ban wuce ƙananan surori ba aka cire ni aka kai gona. Maƙwabcina Malam Sama'ila, tsohon malamin firamare, mutumin Zonkwa, shi ke karanta min filin nan naki duk mako a gindin dalbejiyar ƙofar gidana, shi ne kuma ya riƙe biro yanzu. Na ce masa ya rubuta yadda na faɗa, kada ya gyara min magana ko ta karkace.

Na zo Gyadi-Gyadi daga ƙasar Kibiya ina saurayi, da kwanon ɗaukar kankare a ka, daga baya na zama magini. Lokacin, daga nan har Tarauni gonaki ne da kududdufai. Allah bai ba ni dukiya ba, ya ba ni kai mai riƙe abu. Na san gidan da ke zaune a kan gonar wa, na san inda tsohuwar rijiya take a ƙarƙashin wane shago. In rigimar iyaka ta tashi, ni mai unguwa ke aiko wa. Na san kuma wanda ya zo jana'izar wa, da wanda ya aiko da uzuri, da wanda ya bi ta bayan layi don kada a gan shi. Abin da ya sa ake yarda da ni shi ne ban taɓa faɗar magana yau na sake ta gobe ba. Ki riƙe wannan, don a nan ciwon yake.

Uwar 'ya'yana Hajara ta rasu a daminar nan, wata Talata da hantsi, bayan doguwar jinyar ƙoda. Mun haura shekara arba'in tare. Ta bar min mata uku, duk suna ɗakunan mazajensu, da namiji ɗaya tak. Sunan mahaifina ya ci, shi ya sa Abba muke kiransa. A kansa nake rubuto miki.

Abba yana aiki a wani kamfani can wajen Hotoro, masu kula wa asibitocin kuɗi da kwamfutocinsu. Sau ɗaya ya kai ni na gani. Ɗaki ne ba taga, da sanyi mai shiga ƙashi, an jera baƙaƙen akwatunan ƙarfe kamar kabad, ƙananan fitilu suna ta ƙiftawa, ga ƙugi ba tsayawa. Ba majinyaci, ba likita, ko kujerar baƙo babu. Ya ce min sunan abin saba, kuma wai duk katin marasa lafiya na asibitocin nan yana ciki, da sakamakon gwajinsu, da irin jininsu, da maganin da aka rubuta musu. Na tambaye shi to shi me yake ƙerawa. Ya yi dariya ya ce ba ya ƙera komai, tsaro yake yi kada abin ya mutu, kuma in ya yi aikinsa daidai ba wanda zai ma san yana nan. Na ce masa ni dai in na bi layi zan iya nuna gida na ce ni na gina, shi kuwa me zai nuna wa 'ya'yansa, fitila? Uwarsa ce ta ce na ƙyale yaro, ai ba sata yake ba.

Ranar rasuwar, ba zan zalunce shi ba, ya yi abin da ɗa ke yi. Shi ya sayo likkafani, shi ya kama makara ta gaba, shi ya shiga kabari da kawunsa suka karɓe ta. Ana kwaɓa ƙasa ina tsaye kusa da shi ina jin wayarsa tana ta rawa a aljihu, bai kula ta ba har aka shafa addu'a. Da ya duba sai na ga fuskarsa ta sauya. A bakin ƙofar maƙabarta ya zo ya durƙusa gabana. Ya ce wuta ta zo da ƙarfi ta ƙona wani abu a ɗakin sanyin nan, na'urorin duk sun mutu, asibitoci sun kasa buɗe katin kowa, kuma akwai wata mace da za a yi wa aiki tana buƙatar jini, sakamakon gwajinta yana kulle a ciki. Ya ce Victor, abokin aikinsa da suke karɓa-karɓa, ya bar aiki tuntuni ba a ɗauki madadinsa ba, sabon yaro ɗan koyo da aka kawo kuma ba a ba shi lambobin sirrin buɗe abin ba. Ya roƙi na ba shi izini.

Ban ce komai ba. Duk wanda ya san ni ya san in na yi shiru, a'a nake nufi. Shi ma ya sani, a gidana ya tashi. Amma ya miƙe ya ce ya gode, ya tare adaidaita sahu ya shiga, da taɓon kabarin uwarsa a wandonsa.

Kin san yadda ake zaman makoki a wurinmu. Miji ya zauna, babban ɗa a damansa. Wanda ya zo ya ba uba hannu ya ce ya haƙuri, sai ya ba ɗa. Mutanen Kibiya sun ciko mota, 'yan uwan Hajara na jini, wasu tsofaffi da ƙyar suke sauka. Kowa ya ba ni hannu, sai ya juya dama, hannun ya tsaya a iska yana neman wanda zai kama. Ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba, yini guda cur. Suna tambaya ina Abba, ni kuma ban iya ƙarya ba, na ce ya tafi wajen aiki. Yayanta Alhaji Lawan ya sunkuyar da kai bai ƙara ɗagowa ba har ya tashi. Da la'asar Malam Sama'ila ya gusa ya zauna a wurin don ya rufe min gurbin. Ga shi yanzu yana cewa kada a sa wannan, na ce ya rubuta, abin da ya faru ne.

Sai washegari da hantsi ya dawo, da kayan jiya a jikinsa, idonsa jajur. Ya zauna a damana, ban kalle shi ba. Na so na haɗiye, wallahi na so. Ba a jima ba wayar ta sake motsi, ya tashi ya shiga zaure, na waiga na hango shi ya ɗora kwamfutar nan mai naɗewa a cinya yana dannawa, ga mutane suna shigowa gaisuwa. Nan raina ya ɓaci. A gaban jama'a na rantse da Allah ba zai sake taka min gida ba sai ya ajiye aikin nan.

Bai yi musu ba. Da ma ya yi, da na samu abin faɗa. Ya naɗe kwamfutarsa ya fita. Tun ranar, kullum da safe kafin ya tafi aiki zai taho daga Ƙauyen Alu inda yake haya, ya durƙusa a tsallaken kwata, ya gaishe ni, ya tambayi lafiyata, ya tafi. Ina amsawa da ka. Ya aiko ƙanwarsa Saratu ta faɗa min zai bi umarnina, bayan sadakar arba'in zai ajiye aikin, yana so ne kawai ya koya wa sabon nan kafin ya tafi. Matarsa Fiddausi ta zo ta zube a tsakar gida tana kuka, ga yara biyu ga tsohon ciki, ta ce ba wani aikin da ke jiransa. Na ce ta tashi ta tafi gida, ba da ita nake ba.

Kuma ni ban ga ma amfanin abin ba. Da can kati ne na takarda, a ba ka ka sa a aljihu, bai taɓa mutuwa ba, bai san wuta ba. Lokacin jinyar Hajara akwai ranar da muka je wani asibiti, ba cikin nasu Abba ba, muka zauna tun hantsi har la'asar wai netiwok ya ɗauke, ba za a ga likita ba sai an buɗe katinta. Tana kwance a kan benci, na cire babbar rigata na yi mata matashi. To in abin haka yake, mene ne abin barin makokin uwa a kansa? Akwatin ƙarfe ya fi matar da ta goye shi?

Ga inda na tsaya, 'yata. Na yi magana, ya bi, amma tuwo ya daina yi min daɗi. Gidan ya yi min faɗi. Ɗakinta yana kulle, shi kuma yana tsallaken kwata. Kaina da ke riƙe komai ya ƙi sakin hannuwan nan da suka tsaya a iska, ko salla nake sai na gan su. In na janye maganata, to me ya rage min? Mutumin da ya rantse a gaban jama'a ya warware, wa zai sake kiransa ya faɗi inda iyakar gona ta tsaya? In kuma ban janye ba, sadakar arba'in ta ƙarato, zai ajiye aikin da gaske, na san halinsa, nawa ne.

Akwai abu ɗaya da ban tambaye shi ba, shi ma bai faɗa ba: ko matar nan ta rayu. Ban san me ya sa nake tsoron amsar ba.

Kada ki ce ni ke da laifi don kawai na tsufa ban yi karatu ba. In yana da gaskiya, ki nuna min ita da maganar da zan gane.

Naku,
Tsohon magini, Gyadi-Gyadi.

AMSA

Wa'alaikumus salam, Baba.

Allah ya jiƙan Inna Hajara, ya sa jinyar da ta sha ta zama kaffara, ya ba ka haƙurin rashinta. A gaishe min da Malam Sama'ila. Maƙwabci irinsa ba a kowane layi ake samu ba.

Ba zan ce maka ciwonka ƙarami ne ba. Gurbin nan na damanka gurbi ne na gaske, 'yan uwanta sun gani, kai ma ka gani, kuma a ranar da ka fi buƙatar kafaɗar ɗanka kusa da taka ba ta nan. Duk wanda ya ce ka manta kawai bai taɓa zama a tabarmar makoki ba. Amma ka ce na nuna maka gaskiyarsa in yana da ita, to yana da ita, ko da yake ba duka ba.

Kai magini ne. In ka nuna gida ka ce ni na gina, bango mutane ke kallo da fenti. Ba wanda ke yaba harsashin da ka haƙa, don yana ƙarƙashin ƙasa. Ranar da aka tuna da harsashi, to bango ya tsage ne. Ɗakin sanyin nan shi ne harsashin asibitocin, kuma abin da Abba yake nufi ke nan da ya ce in ya yi aikinsa daidai ba wanda zai san yana nan. Yanzu likita yana wannan unguwa, ɗakin gwaji yana wata, wurin ajiyar jini yana can daban, kuma abin da ke haɗa su cikin ƙiftawar ido shi ne akwatunan nan. Haka banki, haka albashin ma'aikata, haka wayar da ke aljihun 'ya'yanka. Katin takarda ba zai dawo ba, Baba, kuma shi ma ka san ya sha ɓata, gara ta ci wasu, ruwa ya ci wasu. Sai dai kana da gaskiya a wuri ɗaya: takarda in ta ɓata ta mutum ɗaya ce, na'ura kuwa in ta mutu da katin kowa take mutuwa. Wannan ne ma ya sa ba a barinta ba mai tsaro.

Ka kawo ranar da Inna ta yini a kan benci a matsayin hujjarka. Ni kuwa ina ganin hujjar Abba ce. Abin da ya same ku ranar shi ne abin da ke faruwa in na'ura ta mutu ba a samu wanda ya tashi da sauri ba. Ranar jana'izar, a wasu asibitoci akwai tsofaffi irinka zaune da matansu a kan benci, kuma ɗanka ne kaɗai ke iya tashinsu daga nan. Ba akwatin ƙarfe ya zaɓa a kan uwarsa ba. Ya sa ta a makwancinta da hannunsa, sannan ya tafi wurin masu sauran numfashi.

Yanzu ga inda laifi yake. Na tambayi wata da ta daɗe a irin wannan aiki, ta ce wurin da aka tsara da kyau ba ya rataya a wuyan mutum ɗaya. Ana tanadar wuta ta biyu da ake gwadawa a kai a kai, ana ajiye kwafin bayanan a wani gini daban, kuma ba a taɓa barin lambobin buɗewa a kan mutum guda ba, domin mutum yana ciwo, yana tafiya, uwarsa tana rasuwa. Masu kamfanin sun ga Victor ya tafi suka ƙi cike gurbinsa, suka ɗora wa ɗanka aikin mutum biyu. Su ne suka tashe shi daga tabarmarka. Abba ma yana da nasa rabon. Ya san mahaifiyarsa tana jinya mai nauyi, da ya matsa tun da wuri an ba wani lambobin. Ya san ma'anar shirunka ya yi kamar bai sani ba. Da ya dawo kuma, ba ranar buɗe kwamfuta a zaure ba ce. Waɗannan yana da haƙƙin ya ba ka haƙuri a kansu, da bakinsa, ba da aike ba.

Amma hukuncin da ka yanke bai taɓa masu laifin ba. In ya ajiye aikin, kamfanin zai nemi wani ya ci gaba da halinsa, Fiddausi da 'ya'yanta su shiga wahala, kai kuma gurbin nan yana nan yadda yake, don ajiye aiki ba ya mayar da ranar Talata.

Game da maganarka da kake tsoron ta zube: mutane sun yarda da kai ne a kan shaida, wato faɗar abin da ya faru yadda ya faru. Wannan ba ya canzawa, kuma ba wanda ya ce ka canza shi. Ka ci gaba da cewa Abba bai zauna ranar farko ba, gaskiya ce. Abin da ka faɗa a gaban jama'a kuwa ba shaida ba ce, hukunci ne na mutumin da ya binne matarsa jiya. Waɗanda suka ji shi sun san haka, kuma ina zaton da yawansu jira suke ka sauko. Rantsuwar kuma, ka je wurin limamin unguwarku ka faɗa masa yadda aka yi. Addini ya buɗe ƙofar kaffara ga wanda ya rantse sannan ya ga abin da ya fi alheri, shi zai faɗa maka yadda za ka yi.

Shawarata kada ka jira ranar sadaka, don a ranar takardar barin aikin za ta riga ta kusa fita daga hannunsa. Ka kira shi cikin gida a makon nan. Kada ka sauke sharaɗi gaba ɗaya, na san ba za ka iya ba, sauya shi za ka yi. Na farko, ya je wurin shugabanninsa ya tsaya a kan sai an ɗauki na biyu an raba musu lambobin da kwanakin aiki; in sun ƙi, ya fara neman wani wurin yana kan aikinsa, ba ya fita hannu wofi ba. Sannan ya ɗauki hutu ya tafi Kibiya ban-gajiya, ya bi kawunnansa gida-gida, ya fara da Alhaji Lawan, ya miƙa musu hannun da suka nema ba su samu ba. Ranar sadaka kuma ya bar wayar a gida.

Ka tambaye shi labarin matar nan. Wataƙila ta rayu, wataƙila ba ta rayu ba, ni ma ban sani ba, kuma ko wacce ce amsar ba ta sauya cewa ya tafi ne don ya yi ƙoƙari. Ina jin shi ma yana ɗauke da damuwar matar shi kaɗai, ga ta uwarsa, kuma bai da inda zai sauke tun da ƙofar gidanku ta rufe.

Ba zan yi maka alkawarin hoton ranar zai goge daga kanka ba. Mai kai irin naka ba ya mantuwa, da shi za ka zauna. Amma Inna Hajara Allah ne ya karɓe ta, ba ka da ta cewa. Rabuwa da Abba kuwa a bakinka take, kai kaɗai za ka iya hana ta.

Allah ya sanyaya maka zuciya, Baba, ya sauki Fiddausi lafiya, ya haɗa kan gidanka.

Hasana